Magajin Zinariya da Tulunan Gilashi

Ka taɓa ganin mutumin da ya fi 'yan gari sanin garinsu cikin shekara guda? To, zo garinmu ka ga Mista Desmond Pettigrew. Bara Allah ya yi mana kyautarsa daga birnin Melbon, da malafa bakwai (na ƙirga), da hoton wani tsoho mai gemu riƙe da shebur. Kakan kakansa ne, in ji shi, cikin waɗanda suka fara haƙar zinariya a kwarin nan. Mai shagon tsofaffin kaya ma ya shaida tsohon, don hoton ya daɗe rataye a shagonsa kafin a saye shi. Muka laƙaba wa baƙon namu Magajin Zinariya. Ya ɗauka sarauta ce.

Zinariya dai ta ƙare tun zamanin kakanni. Abin da ya rage mana ruwan maɓuɓɓuga ne: famfon hannu a gindin tudu, ruwa garau mai tsikarin harshe, da ɗan warin ruɓaɓɓen ƙwai. Shi baƙi ke zuwa sha, shi ke ciyar da mu. Don haka shugabancin kwamitin maɓuɓɓuga ba ƙaramar kujera ba ce, kuma Magaji ya ƙwallafa rai a kanta. Matsalar ɗaya ce: Noreen Tognetti, tsohuwa mai gidan burodi, tana zaune a kai daram.

Duk Asabar sai ya tare bakin famfo yana yi wa baƙi lacca. "Jama'a, ruwan nan a jinina yake! Da shi aka yaye ni!" Ni kuwa ina gefe ina lissafi. Sau goma sha ɗaya ya kai kofi baki, maƙogwaronsa bai motsa ko sau ɗaya ba. Da an juya, sai ya tuttule wa wata shuka da ke bayansa. Yau duk garin ba shukar da ta kai ta lafiya.

Ana gobe zaɓe, Magaji ya yi dabara irin ta manya: zai shayar da masu zaɓe ruwan gado a tulunan gilashi. Ya ɗebo da kansa, ya jera a zauren taro. Warin ya dame shi, sai ya bar tulunan ba murfi don su sha iska, ya lulluɓe da farin ƙyalle, ya tafi.

Washegari zaure ya cika. Ya yi jawabi har masu gyangyaɗi suka gaji suka farka. "Ga gadon kakannina!" Ya fizge ƙyallen.

Ruwa ya koma jajawur, ga gwiɓa kwance a gindin kowane tulu.

Noreen ta gyara tabarau. "Des, ɗana, shayi ka dafa mana?"

Ko ɗan yaye a garin nan ya san ruwan akwai ƙarfe a cikinsa. A bakin famfo ake shan sa, ko a cika kwalba taf a toshe. Ka bar shi ya kwana a buɗe, tsatsa za ka tarar.

Magaji bai karaya ba. "Wannan ai launin zinariya ne!"

"Ashe! To bismilla, ɗana," in ji Noreen, tana miƙa masa cikakken kofi. "Ai da shi aka yaye ka."

Ya sha. A karon farko na ga maƙogwaron ya motsa: sau ɗaya ƙasa, sau ɗaya sama.

Ƙuri'a biyu ya samu, tasa da tawa. Ni don shukar nan na ba shi, kada ta rasa mai ba ta ruwa.

In ka shigo garinmu, ɗebi kwalba guda ka bar ta a buɗe ta kwana, ka ga da idonka. In kuwa ka tarar da mai malafa yana lacca, don Allah miƙa masa kofi, ka tsaya ka kalli maƙogwaronsa.