Rasuwar Hajjaju, Kwamfutar da Ta Tafi da Kwari a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, nake sanar da abokan aiki da 'yan'uwa rasuwar kwamfutar ofishinmu, wadda muke kira Hajjaju saboda shekarunta. Ta cika ranar Litinin da hantsi, a kan teburin da ke kusa da taga, bayan gajeriyar rashin lafiya. Ta yi shekara tara tana aiki.

Marigayiyar maginiyar ƙasa ce. Idan masu awo suka kawo mana lambobinsu, ita ce ke mayar da su tsaunuka da koguna a kan allo, masu tsawo da faɗi da zurfi, har mutum ya zagaya cikinsu kamar yana tafe da ƙafa. Ba ta da sauri, amma ba ta taɓa cin amana ba. Da safe takan gaishe ni da "ƙit" sau ɗaya. In aiki ya yi nauyi sai ta ɗan yi "huuu", ta ci gaba.

Ina da hannu a ajalinta, kuma gara ku ji daga bakina. Wata huɗu muna gina kwarin da za a yi madatsar ruwa a samansa, gida-gida, gona-gona, don mu nuna wa mazauna wurin inda ruwa zai kai. Tsohuwar manhajarmu ba ta iya sa ruwa ya gudana, dole a zaɓi sabuwa. Uku na tarar. Ta farko mai sauƙi ce, sai dai ruwanta kamar shuɗin fenti. Ta biyu daidai ƙarfin Hajjaju take, ita ce ma mai awon ƙasarmu ta ce in ɗauka. Ta ukun kuwa, mijin yayata ya nuna mini a wayarsa: kowane ganye na kaɗawa, rana na wasa a kan ruwa. Idona ya rufe. Da na zo sa ta, gargaɗi ya fito cewa ta fi ƙarfin wannan na'ura. Na karanta shi da kyau, na danna na wuce.

Na saki ruwan daga madatsar. Ya gangaro, kyakkyawa, ya wuce gada, ya doshi gidajen farko. Fankar Hajjaju ta ɗauki wani kuka da ban taɓa ji ba, "wiiii", sai "kaf-kaf-kaf". Na ji ƙauri. Allon ya yi baƙi, ba abin da na gani a ciki sai fuskata.

Ta rasu ta bar linzamin kwamfuta ɗaya, da madannai masu shafaffun haruffa, da ni. Ta tafi da tsauni biyu, da kogi, da gida ɗari da goma sha bakwai. Ban ajiye kwafinsu a ko'ina ba. Kullum cewa nake sai gobe.

Jibi Alhamis ne taron. Mutanen kwarin za su zo su ga wanda zai tashi da wanda zai zauna. Cikinsu akwai wata dattijuwa da ta riƙe hannun rigata ranar awo, ta nuna mini itatuwan lemon da mijinta ya dasa kafin ya rasu. Na ce mata, Inna, da idonki za ki gani ko ruwa zai taɓa su. Ko ƙofa aka buɗe sai in waiwaya, don babban injiniyanmu yana hanyar dawowa daga tafiya, kuma a wannan sanarwa zai fara jin labarin.

Za a ɗauki gawar gobe Laraba da ƙarfe tara, a naɗe da tawul, zuwa shagon mai gyara da ke bayan tashar mota. Can za a buɗe ta a ciro ma'ajiyar bayananta. Da ya leƙo ofis ya duba ta, na tambaye shi ko kwarin na nan da rai. Ya sunsuni bayanta, sannan ya ce in zo da wanda zai riƙe ni.

Za a karɓi gaisuwa a ƙofar shagon. Ana roƙon masu zuwa su yi shiru lokacin da zai kunce ƙusar ƙarshe.