Agogon Kaka a Ɗakin Jarrabawa

"Lafiya lau, in ban da ganinka," in ji Malama, ko kujera ba ta nuna masa ba.

Taubashinta ne, ɗan ƙanwar babanta, shi ke kula da kwamfutocin makarantar. Ɗalibai arba'in na tsaye a baranda, saura minti ashirin a fara jarrabawa, kwamfutocin kuma sun ƙi buɗewa. In aka ɗage jarrabawar, ita shugaban makarantar zai tsare. Hankalinta a tashe yake, amma bakinta bai sani ba.

"Me kika taɓa?" ya ce.

"Ƙura na goge, Injiniyan gangan."

"Ke da ko rediyo kika kalla sai ya fara tari."

"Kai da aka ba ka gyaran fanka ta koma hura zafi? Duba mini, yara na jira."

Ya zauna, ya danna nan ya danna can, yana girgiza kai kamar likita. "Matsalar lokaci ce. Sabar, babbar kwamfutar da ke ba su izinin shiga, ba ta sauraron duk wadda agogonta ya saɓa da nata fiye da minti biyar. Naki duk sun makara da minti goma. Halin uwar ɗakinsu suka ɗauko."

"Arba'in ɗin duka suka haɗa baki suka makara?"

"Zama da ke ai ya fi haka."

Malama ta ɗaga wayarta, ta kara da fuskar kwamfuta ɗaya. Goma saura kwata, nan da can. Ta leƙa sabar, ta ga goma saura biyar.

"Ɗan mace, jiya da ka sauya mata batiri, da me ka saita ta?"

"Da agogona mana."

"Wanne?"

Ya ɓoye hannu a aljihu, amma ta riga ta ga tsohuwar fatar agogon. Agogon Kaka ne, wanda ya gada. Kaka kuwa, Allah ya jiƙansa, duk agogon gidansa minti goma yake ƙara masa don kada kowa ya makara, abin da kowane jika ya sani.

"Shekara nawa kana zuwa ko'ina da wuri kana cewa tarbiyya ce? Ashe marigayi ne ke tura ka."

Ya mayar da sabar ta riƙa ɗaukar lokaci daga intanet, kamar yadda sauran ke yi. Kwamfutocin suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, Malama ta sauke ajiyar zuciya ta ce yara su shigo.

A bakin ƙofa ya kwance agogon yana dariya, ya miƙa mata. "Na sallama. Riƙe, ke kika fi bukata."

Ta ɗaura a hannu, ta gyara masa zama, ta bar shi da ƙarin minti gomansa. "Madalla. Daga yau da shi zan riƙa tashi daga aiki."