Ranar da Na Yi wa Ɗana Tafi a Lyon

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na yi a Lyon ba. Har yanzu in na tuna, sai na ji kunnuwana sun yi zafi.

Ɗana na fari (sunan mahaifina gare shi, Abba muke ce masa) tun yana ƙarami a Clichy-sous-Bois ya faɗa wani wasa da ake kira besbol. Duk yaran unguwa ƙwallon ƙafa suke yi, shi kuwa sai jifa. Ya shekara bakwai yana yi, har ya kai ajin ƙarshe na lise, wato sakandare, ban taɓa zuwa kallo ba. Dalili biyu ne. Asabar ita ce ranar ciniki a butik, wato kantin da nake aiki a unguwar Barbès ta Paris. Sannan mu a Maradi ba a tashe mu da bin ɗan fari ana yi masa kirari ba, akwai kunya. Tambayarsa yadda ake wasan ma nauyi take yi mini. Nawa dai damuwa ce daga nesa: kafaɗarsa, karatunsa, ko ya yi salla a kan lokaci.

Sai ga labari cewa masu neman 'yan wasa daga Amurka za su zo Lyon su kalli yara, kuma wanda ya burge su za su ɗauke shi ya zama sana'arsa. Mahaifiyarsa ta ce, "Malam, wannan karon ko ka je, ko ni in je." Na je. (Tiken jirgin ƙasa na duba shi ya fi sau goma kafin mu bar Paris. Na riƙe kwafi biyu, ɗaya cikin safa.)

Isufu ne ya sauke mu a gidansa da ke unguwar Guillotière a Lyon, ɗan ƙanwata, mai digiri, wanda ya san wasan. Da safe ya ce zai leƙa wurin aiki ya same ni a fili. Da na san abin da zai biyo baya, da na riƙe masa riga.

Na zauna cikin iyayen 'yan ƙungiyarsu Abba. Ga Abba a tsakiyar fili bisa ɗan tudu, ga wani ya tsuguna can gabansa da ƙarfe a fuska, ga kuma mai sanda tsaye yana jira. A bayan raga wasu mutum biyu da littafi suna rubutu. Na ce a raina, wannan ai a fili yake: Abba ya jefa, mai sanda ya buga, jama'a su ji daɗi.

Ya jefa. Mai sanda ya kai duka, iska ya daka. Ya sake, haka. Na uku, haka. Yaron ya saɓa sandarsa ya tafi, kai a sunkuye. Wani mai sandar ya zo, shi ma bai taɓa ƙwallon ba. Gabana ya faɗi. Iyayen da ke kusa da ni suna ta ihu da tafi, na ce Allah sarki, mutanen kirki, suna ƙarfafa masa gwiwa don kada ya yi kuka. Duk sa'ad da aka kuskure, sai in ga mutanen littafin sun dubi juna sun rubuta. Na tabbata laifi suke lissafa masa.

Da aka kai mutum shida ba wanda ya buga, na kasa zama. Na gangara bakin raga, na cire hula, na sami babban cikin masu littafin. Da ɗan faransancina na firamare na ce, "Pardon, Monsieur. Ni ne mahaifinsa. Yaro ne mai ladabi, tafiya ce ta gajiyar da shi. Ku yi haƙuri, yanzu zan gyara." Ya dube ni, ya dubi abokinsa.

Sai na ɗaga murya da Hausa, ni da ban taɓa kiran yaron nan a bainar jama'a ba: "Kai Abba! Sassauta mana! Jefa masa a tsakiya, bawan Allah ya samu ya buga!"

Ya juyo, ido waje. Daga baya ya ce mini ba biyayya ya yi niyya ba, muryata ce ta kwance masa hannu. Ko ma mene ne, ƙwallon ta tafi a hankali, a tsakiya, kamar ana miƙa wa baƙo ruwa. Mai sanda ya narka mata duka. Ta tashi, ta tsallake fili, ta tsallake shinge, ta faɗa cikin itatuwa.

Na yi tsalle. Wallahi na yi tsalle, da furfurata. Ina tafi ina cewa, "Alhamdu lillahi! Yauwa ɗana! Haka ake yi!" Har na juya ina yi wa mai littafi nuni da hannu, wai ya rubuta wannan.

A nan na lura ɓangarenmu ya yi tsit. Wata mata ta dafe kai. Masu murna irin tawa suna can ɗaya gefen, da riguna masu wani launi. Sai ga Isufu da gudu, ya kama hannuna.

"Kawu, me kake yi haka?"

"An buga, Isufu! A ƙarshe an buga!"

"Kawu, aikinsa shi ne kada a buga. Mutum shida ya kora a jere. Wannan da kake wa tafi, ci ne aka yi mana."

Na nemi ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba. Na koma kujerar ƙarshe, na ja hula har hanci, ina lissafin shekara bakwai na yaro da na rushe da baki ɗaya. Me zan ce wa uwarsa?

Ta ƙarƙashin hular na ga Abba ya zagaya tudun, ya goge hannu a wando, ya yi dariya shi kaɗai. Sannan ya jefa. Ƙarar faɗawar ƙwallon hannun wanda ya tsuguna har inda nake. Uku suka zo, uku suka koma. Aka sake zagayowa, ya ƙara uku. Ni dai ban motsa ba, sai Isufu ya zungure ni ya ce, "Yanzu, Kawu," sannan in tafa.

Bayan wasa mai littafin ya neme mu. Na soma ba da haƙuri, ya tare ni yana dariya, Isufu na fassara. Ya ce masu ƙarfin jifa suna da yawa. Abin da yake wuyar gani shi ne yadda yaro zai yi bayan an ci shi a gaban jama'a, kuma ni na nuna masa wannan a kyauta. Abba ya rungume ni ya ce, "Baba, don Allah gobe in za ka taimaka, ka taimaki ɗaya ƙungiyar."

Ya gama lise, suka ɗauke shi. Yau yana can yana jifa, sana'arsa ke nan, kuma an ce masu sanda ba sa son ganinsa.

Abin da na koya bai da yawa. In ba ka san abu ba, tambayi ɗanka, ko da na fari ne. In kuma ka ga kai kaɗai kake tafi a ɓangarenku, zauna tukuna.