Yadda Za Ka Zama Gwanin Saitirans a Mpape Ko da Kiɗan Na Sa Ka Ciwon Kai

Idan ka bi matakan nan yadda aka tsara su, na ba ka tabbaci za a riƙa neman ra'ayinka a kan kiɗan saitirans, kai da ba ka san inda yake farawa ba balle inda yake ƙarewa. Ba a buƙatar kunne, ba a buƙatar ilimi. Wuya kawai ake so, mai jure gyaɗawa. An gwada hanyar nan a kan Yahuza, mai sayar da caja da murfin waya a bakin tashar Mpape, kuma ta yi aiki fiye da yadda shi kansa ya so.

Ga wanda bai sani ba, saitirans kiɗa ne da ake haɗawa a kwamfuta. Babu mawaƙi, babu amshi, babu wanda ake yi wa kirari. Ganga ɗaya ce take bugu dug-dug-dug ba hutu, wani gurnani da ake kira bes yana binta ta ƙasa, ta sama kuma ƙararraki iri-iri kamar an zuba kwaɗi a injin markaɗe. Masoyansa a Abuja ba za su cika bas biyu ba, amma wajen musu sai ka rantse su ne rabin ƙasar.

Mataki na 1: Samu maƙwabci mai haɗa kiɗan, ka yi masa ƙarya guda

Na Yahuza sunansa Thaddeus, mutumin Kafanchan, mai gyaran lasifikar coci-coci da ɗakunan taro. Bango ɗaya ne ya raba ɗakunansu a can saman tudu, inda mota ba ta hawa. Lokacin da taifot ya kwantar da Yahuza, Thaddeus ne ya goya shi a baya ya gangara da shi ta 'yar siririyar hanyar nan har bakin titi, ya kuma zauna da shi a asibiti har aka sallame shi.

To da Yahuza ya warware, sai Thaddeus ya kira shi ɗaki, ya ɗora masa abin sauraro a kunne, ya kunna masa kiɗan da ya yi shekaru yana haɗawa ba wanda ya taɓa tsayawa ya ji. Da aka gama ya ce, "Yaya ka ji, ɗan'uwa? Faɗa mini gaskiya."

Yahuza ya dubi idon mutumin da ya goya shi, ya ga yadda yake jira, sai tausayi ya kama shi. Ya ce, "Oga Tadi, wallahi wannan ya shiga jikina."

Ya shiga kuwa, ta ƙeya, ya kwana yana sara. Kai ma haka za ka yi. Kada ka wahalar da kanka da shirya ƙarya da yawa, ta farkon ita za ta riƙa haifo maka sauran.

Mataki na 2: Rufe ido, gyaɗa kai

Mai ido a buɗe ana iya tambayarsa. Mai ido a rufe kuwa ya yi nisa, ba a taɓa shi. Gyaɗa kai a hankali, ka ɗan ɓata fuska kamar mai ɗanɗanar miyar da gishiri ya ɗan yi wa kaɗan. Komai tsawon kiɗan, kada ka kuskura ka ce, "Yaushe za a fara waƙar?" Ba za a fara ba. Ita ce wannan da kake ji.

Mataki na 3: Idan ka ji shiru, kada ka ce an ɗauke wuta

A nan ne 'yan Abuja ke faɗuwa, saboda haka buɗe kunnenka. Masu wannan kiɗa suna da wata ɗabi'a: ana tsaka da bugu sai su tsayar da ganga cak, su bar mutane a rataye. Shirun nan shi suke kira birek. Masoya sai su ɗaga hannu sama suna jira, har gangar ta faɗo gaba ɗaya, kowa ya haukace. Faɗowar kuma ita ce dirof, kuma saboda ita ake shan duk wahalar.

Yahuza bai san da wannan ba. Ranar da Thaddeus ya fara kunna masa a babbar lasifika, ana kaiwa shirun ya buɗe ido ya yi tsaki ya ce, "Kai, mutanen nan! Sun ɗauke kuma." Har ya miƙe zai je ya cire firjin Magdalena daga soket, wato ƙanwar Thaddeus mai sayar da zoɓo. Fanka kuwa tana ta juyawa a saman kansa.

Thaddeus ya ce, "Wuta yana nan, my brother. Break ne. Zauna ka jira."

Magdalena ta yi dariya har ta dafa bango. Yahuza ya ji kunya irin wadda ba ta fita da wanka, ya kuma ɗauki alkawari a ransa: daga yau duk shirun da ya ji, birek ne. Riƙe wannan alkawari, za mu dawo kansa.

Mataki na 4: Shiga zauren musu, ka zaɓi ɓangare

Sa a saka ka a zauren masoya na waya. A can za ka tarar an rabu: masu son na daji, mai duhu da kukan ƙwari, da masu son na safiya, mai ɗan haske. Kowane ɓangare yana ganin ɗayan bai waye ba. Za ka kuma tarar da Nazeer, ɗan Maitama, wanda ya taɓa zuwa wani bikin kiɗa a Indiya, kuma ko gaisuwa ka yi masa sai ya bi ta Indiya kafin ya amsa.

Haddace waɗannan kalamai, sun ishe ka har tsufa. "Bes ɗin bai zauna ba." "Na da ya fi." Idan aka matsa maka lamba kuma, "Sai a lasifika mai kyau za ka gane abin da nake nufi." Babu mai lasifikar da ya yarda tasa ba mai kyau ba ce, don haka ba wanda zai sake tambayarka.

Da waɗannan Yahuza ya yi suna. Yana zaune a rumfarsa yana liƙa wa mutane gilashin waya, yana yanke wa mawaƙan Turai hukunci da babban yatsa. Har Nazeer ya fara rubuta, "Bari mu ji ta bakin Mallam Yahuza." Kai ya fara kumbura, ciwon kan ma ya ɗan yi sauƙi.

Ana cikin haka Thaddeus ya same shi wata safiya yana shan koko. Ya ce 'yan zauren sun shirya taro ranar Asabar da yamma a kan falalen dutsen da ke saman tsohon ramin kwari, inda ake fasa dutse a da, kuma sun ba shi dama ya kaɗa nasa a gaban mutane, karo na farko a rayuwarsa. Sannan ya ce, "In mutane ba su motsa ba, na gama. Zan sayar da kayan in koma gida noman citta. Baba ya daɗe yana kira."

Yahuza ya ajiye kokon. Kiɗan dai bai taɓa sonsa ba, amma da ya tuna bangon nan zai yi tsit, a sa wani baƙo a ɗakin, sai ya ji tsoro na gaske.

Mataki na 5: Karɓi aiki ranar taro, amma kada aikin ya hana ka nuna sani

Gwani ba ya zuwa hannu rabbana. Yahuza ya karɓi kula da janareta, wanda aka ajiye can bayan wani dutse don kada ƙararsa ta dami kiɗa. Aikin ba wuya: leƙa tanki, ƙara mai daga jarka.

Bayan la'asar mutane suka hau, wasu da riguna masu launin da ido ba ya iya tsayawa a kai. Matan unguwa suka tsaya daga nesa suna tambayar me aka ba su suka sha. Zoɓon Magdalena ne da ruwan leda. Rawar kuma ba ta da wani sirri: taka ƙasa da ƙarfi kamar mai kwaɓa ƙasar gini, kada ka kalli kowa.

Thaddeus ya hau bayan tebur. Ya fara. Mutane suka ɗan taka, suna leƙen juna, don ɗan Abuja ba ya sakin jiki sai ya ga wani babba ya saki. Yahuza ya nufi jarka ke nan Nazeer ya riƙo hannunsa ya ce, "Mallam, honestly, bes ɗin nan ya zauna kuwa?" Wa zai bar irin wannan tambaya ya tafi ɗura mai? Yahuza ya gyara tsayuwa ya shiga bayani, har da zana abu a iska.

Mataki na 6: Idan shiru ya zo, tsaya a kan iliminka

Kiɗa ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, sai ɗif. Komai ya mutu.

Wani ya ce, "Ah ah, gen ya mutu ne?" Mutane suka fara juyawa, wata ta ɗauki jakarta. Thaddeus ya tsaya yana kallon kwamfutarsa tana ci gaba da aiki, lasifiku kuwa ko tari. Fuskarsa ta nuna ya riga ya hau motar Kafanchan.

Yahuza bai ga wannan ba, domin idonsa a rufe yake. Ya ji shiru, ya tuna dariyar Magdalena, ya ce a ransa yau kam ba za a sake ba. Ya ɗaga hannu biyu sama ya daka tsawa: "Ba wanda zai motsa! Birek ne! Ku jira!"

Nazeer ya dube shi, ya dubi jama'a. Mutumin da ya je Indiya ba zai yarda a ce mai caja ya gane abin da shi bai gane ba, sai ya ɗaga nasa hannun ya ce, "Exactly." Da aka ga Nazeer ya ɗaga, kowa ya ɗaga. Mai jaka ta ajiye jakarta.

Shirun ya yi tsawo. Hannuwa suka fara gajiya. A cikinsa sai aka fara jiyo injin fasa dutse na kwarin da ke ƙetare, wanda 'yan Mpape suka daina ji saboda sabo: dug-dug-dug-dug. Wani ya ce, "Kai, har quarry ya saka a ciki!" Aka fara taka ƙasa a hankali ana bin injin.

Magdalena ce kaɗai ta ajiye kofin zoɓo, ta zaga bayan dutse, ta tarar da jarka cike, tanki a bushe. Ta ɗura, ta ja igiya tana ambaton sunan Yahuza da kalaman da ba za su shiga wannan jagora ba. Lasifiku suka yi tari. Thaddeus, wanda ya riga ya mayar da kiɗan daidai bakin faɗowa, ya saki dirof.

Dutsen nan ya girgiza. Nazeer ya yar da tabarau, masu na daji suka rungumi masu na safiya, har matan unguwa suka ɗan karkaɗa kafaɗa. Yahuza ya buɗe ido cike da alfahari, sai ya yi arba da Magdalena tana nuna masa jarka.

Mataki na 7: Kada ka yi bayani

Kafin magariba an watse, zaure kuma ya kama da wuta: ba a taɓa jin birek irin wannan ba, an ce a sake gayyatar Thaddeus. Yahuza ya saɓa lasifika a kafaɗa, suna gangarowa shi da maƙwabcinsa, yana ta neman ta inda zai fara ba da haƙuri.

Thaddeus ne ya riga shi. "Ka bar gen ya mutu."

"Na bari."

"Kuma ka ɗauka break ne da gaske."

Yahuza ya gyara zaman lasifikar a kafaɗarsa.

Thaddeus ya yi dariya ya ce, "Ɗan'uwa, na san ba ka son kiɗan nan tun ranar farko. Kai ɗinka ma ba ya bin ganga, kullum yana baya. Kuma ina jin ka ta bango kana neman maganin ciwon kai."

Yahuza ya tsaya cak a tsakiyar hanya. "To don me kake ta kirana in ji?"

"Duk wanda na kunna wa, sai waya ta kira shi ya fita. Kai kaɗai kake zama har ƙarshe." Ya gyara jakar kwamfuta a bayansa. "Citta za ta jira. Gobe ka shigo, akwai sabo. Ya fi wancan tsawo."

Yahuza ya ce to, idonsa ya ciko, ya ce nauyin lasifika ne. Da suka iso gindin tudu ya tsaya a kemis.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba shi da hannu a ciwon kai, sanƙarar wuya, ko zagin da za ka sha wurin mai zoɓo. Idan ka ɗaga hannu cikin shiru aka bar ka kai kaɗai, kai ka jiyo. Idan kuma hanyar ta yi aiki, maƙwabcinka ya fasa tafiya ya ci gaba da kiɗa a jikin bangonka har abin da hali ya yi, kada ka zo neman kowa. Kai ka ce ya shiga jikinka.