Ranar da Janar ya gamu da bushiya

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Juma'ar da karena ya tara mini mutanen unguwa a lambu ba.

Na yi zaman Kumasi, na yi na Khartum, na ƙare a Abijan, daga can na dawo Batsari da wani kare mai gashi buzu-buzu, sunansa Janar. A can kare ɗan gida ne, har sabulunsa daban. A nan kuwa kowa ya sani, ko farauta ko gadi. Don kada a ce Alhaji ya tsufa ya lalace, sai na bugi ƙirji a majalisa cewa Janar zai raba lambunmu da birai. Malam Iliya, wanda muke noman tumatir tare, ya yarda har ya daina kwana a bukka.

Ran nan na sa farar riga ke nan na jiyo kukan Janar. Na garzaya lambun, na tarar da shi yana zagaya wani ɗan dunƙule mai ƙaya a gindin zogale. Bushiya ce (wadda ko kaza ba ta kulawa). Ya kai hanci, ta soke shi, sai kawai ya daka tsalle ya faɗo ƙirjina.

Faransanci kaɗai Janar ke ji, ni kuma kalmar "sauka" ta ɓace mini. Na daka masa tsawa da Asantancin Kumasi. Na koma Larabci. Na haɗa su duka ina ɗaga murya.

Abin da na manta, lambun yana bakin daji, kuma a wannan zamani baƙon harshe daga wajen daji ba abin wasa ba ne. Mata suka kwashi yara suka yi cikin gari. Maza suka fito da gora da adda. Suka same ni rungume da kare kamar mai jego, riga duk yawu da taɓo, na rasa wanda zan fara yi wa bayani.

Malam Iliya ya dubi bushiyar, ya dube mu.

"Alhaji, a cikinku wa ke gadin wani?"

A bayansa kuwa ina hango birai suna tsinkar tumatir hankali kwance.

Iliya ya koma bukkarsa, Janar ya koma tsakar gida. Ni kuwa na koyi cewa ko harsuna nawa ka iya, in za ka yi ihu a garinku, yi shi da Hausa.