Rasuwar Agogona da Aka Cire wa Maƙogwaro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da ban ga dalilin ɓoye shi ba, nake sanar da ’yan uwa da maƙwabta rasuwar agogona mai ƙararrawa. Ya bar mu ranar Talata da hantsi, mako biyu da suka wuce, a kan teburin mijin ’yata, yana da shekara talatin da ɗaya. Ba jinya ya yi ba. Da sukudireba aka gama da shi.

Marigayin ja ne, gajere, mai ƙafa uku da kunnuwa biyu na ƙarfe. Batir ɗaya ke kai shi shekara. Shi ya tashi ’ya’yana huɗu zuwa makaranta, har da wadda ke rubuta min wannan takarda tana tura baki. Da suka girma ya koma kula da ni. Bakwai na safe na yi sai ka ji “Kirrrrr!”, na sha maganin hawan jinina. Sau biyu ya faɗo daga kan kabad bai yi makara ba.

Ga yadda ajali ya same shi. Mijin ’yata mai zanen gidaje ne, yana da kwamfuta mai shan ruwa kamar akuya. Ruwan daga wata kwalba yake fita, ya zagaya cikin siraran tiyo ya sanyaya mata ciki. In ya yi ƙasa ta ɗau zafi, sai ta mutu da aikin mutane a cikinta. Shi ne ya ce zai haɗa mata mai gadin ruwa da hannunsa. Ya ɗauki toshiyar filas ɗina, ya manna mata maganaɗisu, ya jefa cikin kwalbar tana yawo. Daga waje ya ɗaure wani ɗan tsinke mai waya biyu. Ruwa na sauka toshiya ta sauka, maganaɗisu ya zo daidai tsinken, wuta ta haɗu. Ni na riƙe masa tocila ma, ina sa masa albarka. Ashe abu ɗaya ya rage masa, wato murya.

Na je asibiti awo, na dawo na tarar da agogona a kife, bayansa a buɗe, an zare ƙararrawar. Wai aro aka yi. A madadinsa aka miƙo min waya mai kukan tsuntsu. Tsuntsun da ko kyanwa ba zai tasa ba!

Marigayin ya bar hannaye biyu da suka tsaya a goma saura kwata, da gilashi mai tsaga ɗaya, da sukurori huɗu a cikin faranti, da filas wanda shi ma yanzu ba ya riƙe zafi. Ya kuma bar ni.

Ba zan ci haƙƙin yaron nan ba, abin nasa yana aiki. Ruwa na yin ƙasa sai muryar marigayi ta tashi daga cikin akwatin kwamfutar, “Kirrrrr!”, garau kamar yana raye. Mako biyu ke nan kullum da safe take tashi. Bawan Allah ya canza tiyo, ya shimfiɗa takarda a ƙasa, ya kwanta rigingine yana neman inda ke yoyo, har gemunsa ya kwashi yanar gizo.

Za a yi zaman makoki ranar Asabar a falo, da bakwai na safe. Gawar na cikin kwalin takalmi, amma ba za a binne ta ba sai jikinta ya cika. Masu zuwa ta’aziyya kada su kawo komai, sai dai wanda ke da tsohuwar ƙararrawar ƙofa ya taimaka wa mijin ’yata da ita.

Shi kuma ya tashi daga ƙasa haka nan, kwamfutarsa ba ta yoyo. Ni ce. Sirinji biyu na ruwa nake zuƙewa daga kwalbar kowace safiya, agogona ya yi kira, na sha maganina. Ranar da ya mayar masa da maƙogwaro, ranar yoyo zai tsaya.

Sanarwa daga uwar matarsa, ɗakin da ke kusa da kicin.