Ƙibar Auduga a Bakin Rumbu

Ba zan taɓa mantawa da bakin rumbun Baba Jatau ba, kuma ko na so in manta mutanen ƙauyen nan ba za su bar ni ba. Yau ga furfura a gemuna, amma in na hangi hadarin shuka ya haɗo daga gabas sai in tuna abin da ya same ni a waccan shekarar.

Ni masaƙi ne ɗan masaƙi, a wani ƙauye tafiyar hantsi daga Ɗanbatta. A zamanin, fatake ne abin kallo. Su ɗauki farin da muka saƙa su nufi Gwanja, su dawo da goro da tumbi, kowa ya zuba riga uku yana tafiya yana buɗa hannu. Da faɗin mutum ake fara auna shi. Ni kuwa Allah ya yi ni siriri, irin sirantar da ake jan uwar mutum gefe a tambaye ta ko ciwo yake yi. Sillen Kara ake ce min. In na leƙa randa zan ɗebi ruwa, sai in rufe ido ɗaya don kada in ga wuyan da yake kallona daga ciki.

A haka na ga Hauwa, mai sayar da ɗan wake a kasuwar Ɗanbatta, na kuma ji duk duniya ita nake so. Abin mamaki ita ma ba ta ƙi ni ba. Matsalar guda biyu ce. Akwai wani mahauci da yake nemanta, mutum ne da in ya zauna a tabarma ba a ganin tabarmar. Sannan yayyenta biyu, Tanko da Sambo, 'yan kokawa ne, kowanne kamar an ɗora turmi a kan turmi. Mahaifinsu Baba Jatau ban taɓa ganinsa ba, amma na riga na ƙera shi a raina: wanda ya haifi waɗannan ai sai dai a kira shi giwa.

Wata ranar kasuwa a farkon bazara Tanko ya tare ni. "Baba ya ce ranar da ruwan shuka ya sauka ka zo, yana son ganinka." Ya dube ni daga hula har ƙafa, ya ƙara da nasa: "Ka dai riƙa cin abinci kafin nan, kada iskar hadarin ta yi gaba da kai."

Wasa ya yi. Ni kuma na ɗauke shi hukunci. Na ce shi ke nan, tsohon zai jera ni da mahauci ya duba, wanda ya fi cika ido ya tafi da Hauwa. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske.

Na ba kaina wata biyu in yi ƙiba. Tuwon dawa da miyar kuka da Inna take yi, da kwaɗon zogale, na ce abincin ramammu ne, na daina ci. Na koma shan man shanu da ludayi. Fura sau uku a yini. Kitse kuwa tun ina so har na koma toshe hanci ina haɗiya (kuma a wurin wa nake sayen kitsen? A wurin mahaucin nan, yana yanka min yana murmushi). Na yanki zare na auna ƙuguna na yi ƙulli, kullum da safe sai na sake aunawa, ina addu'ar ƙullin ya matsa gaba.

Baya ya matsa. Cikina ya ɓaci, ina yini ina sintiri tsakanin masaƙa da bayan gida, ƙuraje suka feso min a goshi, saƙar yini ɗaya ta koma ta kwana uku. Inna ta zuba min ido har ta gaji.

"Kai, ka bar cikin nan ya huta," in ji ta. "Ubanka haka ya rayu siriri, bai hana shi aurena ba."

"Inna, zamaninku daban."

"To. Allah ya ba ka lafiya."

Ruwan shuka ya sauka wata asubar Talata, ni kuma na fi da ramewa. Na tsaya a tsakar gida, sai idona ya faɗa kan lefen Inna, kwandon kaɗinta, cike da audugar da ta kwana biyar tana gurza tana shiɓa. Ta tafi rijiya. Ba na son in ɗora wa Shaiɗan, don a gaskiya shawarar tawa ce ni kaɗai. Na kwashe audugar na jera a ciki da ƙirji da kafaɗu, na naɗe da tsohon rawanin babana, na zura riga biyu a kai. Na leƙa randa, a karon farko na buɗe ido biyu. Na ga wani bafatake mai ɗan ƙaramin kai.

Tafiyar ba ta yi daɗi ba. Rana ta fito a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, zafi ya taso, gumi ya jiƙa audugar ta fara zamowa ƙasa. Duk inda na ga kuka sai in raɓe in tura tumbina sama. Mutane sun fito gona da sungumi suna saran shuka, waɗanda suka san ni suna tsayawa suna kallo, wani har ya tambaye ni ko kumburi ne.

A zauren gidan na tarar da wani tsoho a kan buzu, ƙafarsa ɗaya a miƙe an ɗaure gwiwar da tsumma. Ƙashi da jijiya ne kawai, ya fi ni sirantaka nesa ba kusa ba. Na ɗauka wani maƙwabci ne. Na gaishe shi a tsaye (durƙuso ba zai yiwu ba, rawanin zai tsinke), na ce ko Baba Jatau na ciki.

"Ga shi kana magana da shi," in ji tsohon. "Kai ne masaƙin?"

Na zube a ƙasa da ƙyar, na ji wani abu ya ce ƙiiit a bayana. Ya daɗe yana dubana, fuskarsa ta nuna bai ji daɗi ba.

"Ikon Allah. Ita kuwa Hauwa ce min ta yi siriri ne kai, irina. Na ce to alhamdu lillahi." Ya shafa gwiwarsa. "Ka ga, ɗan nan, irin shukarmu yana can ƙasan babban rumbu, bakinsa kuwa ƙarami ne, a sama. Shekara arba'in ni nake shiga. Bana gwiwa ta hana. Waɗannan ƙattin nawa ko cinyarsu ba ta wucewa. A gidan nan kuma mace ba ta shiga rumbun iri, bare ba ya shiga, sai ɗan gida. Shi ya sa na ce ka zo. To amma na ga ka fi ƙarfin bakin. Sai dai a fasa rumbun ta gefe."

Sai a nan na gane. Tsohon ya riga ya karɓe ni tun wata biyu da suka wuce, saboda abin nan da na yi ta yaƙi da shi, yanzu kuma ina shirin rasa Hauwa saboda audugar Inna. Mai hankali da sai ya faɗi gaskiya a zauren, mutum ɗaya ne zai yi masa dariya. Ni sai na ji bakina ya ce, "Zan shiga, Baba."

"To tuɓe rigar."

"A'a, Baba, haka ma ya yi."

Aka jingina tsani, aka ɗage jinkar rumbun. Gidan duka ya fito tsakar gida, matan suna leƙe daga bayan danga, na kuma san Hauwa na cikinsu. Na hau, na zura ƙafafu, cinya ta wuce lafiya. Da aka zo ƙugu sai na tsaya cak. Ban shiga ba, ban fita ba, ƙafafuna na reto a cikin duhu, rabina na sama yana kallon gonakin ƙauyen gaba ɗaya. Cikin nan nawa da ya sha man shanu ya zaɓi wannan lokacin ya yi ƙugi, rumbun kuma ya amsa kamar ganga.

"Bari in taimaka masa," in ji Tanko. Ya hau tsanin, ya dafa kafaɗuna da hannu biyu. Na ga fuskarsa ta sauya da ya ji laushin, amma ya riga ya danna.

Rawanin ya warware. Na sulale daga cikin rigunan kamar an zare ƙoshiyar saƙa, na faɗa kan zangarkun gero daga ni sai wando. Riguna biyu da tumbina da ƙirjina suka tsaya a sama suka toshe bakin. Ina ji Tanko yana jan su, ina jin curin auduga na faɗuwa tsakar gida tim, tim, kaji suna gudu.

Sai muryar mahaifiyar Hauwa: "La ilaha illallahu. Yaron nan da auduga aka yi shi?"

Dariyar da ta biyo baya har bangon rumbun na ji tana girgizawa. Na zauna a cikin duhu na rungume gwiwoyina, kunya ta hana ni ko numfashi mai ƙarfi. Na yanke shawarar a nan zan ƙare rayuwata, tunda ga gero.

Can na ji an ƙwanƙwasa bangon da sanda. Baba Jatau ne ya dogaro ya zo.

"Masaƙi, kana da rai?"

"Ina da shi, Baba, amma da na so babu."

"To kafin ka mutu ɗaure mana irin a igiya. Ƙasa na bushewa."

Na ɗaure dami shida aka janye, na bakwai ni ne. Na fito haƙarƙarina a waje ana iya ƙirga su, ban kalli kowa ba. Tsohon kuwa sungumi kawai ya sa aka miƙo min.

Da azahar aka kawo abinci gona. Tuwon dawa, miyar kuka, da kwaɗon zogale, abin da na raina wata biyu. Baba Jatau ya ja akushi gabana. "Abin da nake ci ke nan tun ina yaro. Ban taɓa ƙiba ba, ban kuma taɓa barin kunya a gona ba a nome ba. Ci." Na ci, cikina ya karɓa lafiya a karon farko tun farkon bazara. Da Hauwa ta zo kwashe ƙore, ta sunkuya ba ta dube ni ba, ta ce a hankali, "Da ƙato nake so ai mahauci yana nan."

Audugar kuwa ba ta ɓata ba. Surukata ta tsince ta, ta shanya, ta kaɗa, ta aika wa Inna zaren da saƙon cewa ga tumbin ɗanta nan an dawo da shi. Da shi na saƙa wa Hauwa zanen da ta tare da shi, har yau yana cikin adudunta, tana fito da shi duk ranar da na ɗaga murya.

Baba Jatau ya rasu yana siririnsa, da haƙoransa, yana noma har shekarar ƙarshe, kuma shi nake kallo tun daga ranar, ba fatake ba. Na yar da zaren awo, na koma wa tuwon Inna. Abin da na koya bai da yawa: jikin da Allah ya ba ni akwai ƙofar da shi kaɗai yake shiga. Duk shekara in ruwan shuka ya sauka ni ake aiko wa, kuma tun daga zaure nake tuɓe rigata, kafin wani ya buɗe baki.